Tallafin Roosevelt: ta hannun wa kuɗin suka bi?

Tsakanin Agusta da Satumba na 1933 gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi ta sayi aladu wajen miliyan 6, yawancinsu ƙanana, aka yanka su, kuma mafi yawa ba cin su aka yi ba, narka su aka yi aka fitar da kitse da taki. A wannan shekarar dai ta biya manoman auduga suka sa garma suka tumɓuke audugar da ta riga ta tsiro a fili wajen eka miliyan 10. Har ana ba da labarin cewa alfadaran da ke jan garmar sun riƙa turjewa, don duk rayuwarsu bulala suke sha in sun taka shuka, yau kuma ga mai gona yana cewa su bi ta kanta. Duk wannan fa a ƙasar da mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki yake zaman kashe wando, ana bin dogon layi a New York da Chicago don a karɓi miya da burodi.

In ka ji haka sai ka ce mutanen nan sun zautu. Amma akwai lissafi a ciki, kaya sun yi yawa a kasuwa farashi ya mutu, to a rage kayan farashi ya tashi manomi ya samu na biyan bashi, kuma farashin ya tashi ɗin. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne cakin da gwamnati ta rubuta na diyyar wannan audugar, sunan wa aka sa a kai? Don duk wanda ya bi shirye-shiryen tallafin da Shugaba Franklin Roosevelt ya kawo daga 1933, waɗanda ake kira New Deal, zai ga abu ɗaya yana ta dawowa. Inda kuɗin suka tafi kai tsaye hannun mabuƙaci, rayuwa ta canza. Inda aka ce sai sun bi ta hannun wani babba a gari, to babban ne ya ƙara girma.

Bari mu ɗan koma baya a ga yadda abin ya kai haka. Kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi a Oktoban 1929, daga nan zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka rufe da ajiyar mutane a ciki, ba inshora ba komai, mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya wayi gari ya tarar da kwaɗo a ƙofar banki shikenan. Abin da masana'antu ke fitarwa ya ragu da kusan rabi. Marasa aiki sun kai wajen miliyan 13. Masara ta yi arhar da wasu manoma suka gwammace su hura wuta da ita lokacin sanyi da su kai ta kasuwa. Kuma masifar ba ta tsaya a can ba, har Kano ta iso, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun nan alhali mai karɓar haraji bai daina zuwa ba, kuma mu nan ba wani shirin tallafi irin wannan da Turawan mulki suka yi mana.

Shugaban da abin ya faɗo a kansa, Herbert Hoover, ba wai mara tausayi ba ne kamar yadda ake yawan nuna shi, shi ne fa ya jagoranci ciyar da mutanen Beljiyam lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Aƙidarsa ce ta ɗaure shi. A ganinsa ciyar da mai yunwa aikin maƙwabci ne da coci da ƙaramar hukuma da jiha, in gwamnatin tarayya ta fara miƙa wa mutane kuɗi a hannu to zuciyarsu za ta mutu. Sai ya kafa hukuma a 1932 tana ba bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa rance, da fatan abin zai gangaro ƙasa. Matsalar ita ce maƙwabcin shi ma an kore shi daga aiki, cocin asusunta ya ƙare, birane kuma sun tsiyace har Chicago ta yi watanni ba ta biya malaman makaranta ba. Mutane suka riƙa haɗa bukkoki da kwali da langa-langa a bayan gari suna sa wa unguwannin sunan Hoover don ba'a. Abin da ya ƙarasa shi kuwa, a ranar 28 ga Yulin 1932 sojoji ƙarƙashin Janar MacArthur suka tarwatsa tsofaffin sojojin da suka yi sansani a Washington suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari, da tankoki da barkonon tsohuwa, aka banka wa bukkokinsu wuta. Watanni kaɗan bayan haka Roosevelt ya kayar da shi mummunan kaye.

An rantsar da Roosevelt ranar 4 ga Maris 1933. Maganar bankuna ba zan daɗe a kanta ba: ya rufe su duka na 'yan kwanaki, aka tantance, ya hau rediyo ranar 12 ga wata ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla, washegari da aka fara buɗewa sai ga mutane suna dawo da kuɗin da suka ɓoye a gida. Daga baya aka kafa inshorar ajiya, ko banki ya mutu gwamnati za ta biya ka har wani adadi. Wannan ya yi aiki sosai kuma bai bar baya da ƙura ba.

Inda ƙurar take shi ne wajen ciyar da mutane. A watan Mayu aka kafa hukumar agajin gaggawa, FERA, da dala miliyan 500, aka ɗora Harry Hopkins a kai, wani tsohon ma'aikacin jin daɗin jama'a mai ɗan banzan sauri wanda a cikin awa biyun farko a ofis ya raba wa jihohi sama da dala miliyan 5. Ana danganta masa wata magana da ya mayar wa masu cewa a yi haƙuri abubuwa za su daidaita nan gaba, ya ce ai mutane ba nan gaba suke cin abinci ba, kullum suke ci. To amma kuɗin FERA ba Washington ce ke miƙa wa talaka ba, jihohi ake ba, jihohi su ba ƙananan hukumomi, su kuma su rubuta sunaye. Kafin a sa sunanka sai jami'i ya zo gidanka ya duba, me kake da shi, akwai ɗan'uwan da zai iya ɗaukar nauyinka, ka cinye ajiyarka tukuna ko da saura, wani lokaci har ya leƙa inda kake ajiye abinci. Ka yi tunanin magidancin da ya yi shekara ashirin yana aiki a masana'anta bai taɓa roƙon kowa ba, yau ga wata yarinya sa'ar 'yarsa da takarda da biro tana ƙirga masa kujeru a gaban iyalinsa. Da yawa sun ƙi zuwa sai da yunwa ta kai musu iya wuya. Hopkins ya tura wata 'yar jarida, Lorena Hickok, ta zaga ƙasar tana aiko masa da rahoto, kuma abin da ke ta fitowa a rahotanninta kenan, kunya, musamman wajen masu ɗan ilimi da ma'aikatan ofis da suka faɗo.

A jihohin Kudun ƙasar kuma wata matsalar ce daban. Masu manyan gonakin auduga ba sa son tallafi ko kaɗan, don in ɗan ƙwadago yana da abin da zai ci ba zai yarda ya tsinci auduga a kan kuɗin banza ba. Tunda su ne ke da faɗa-a-ji a ƙananan hukumomi, da kaka ta zo sai a share sunaye daga rajistar tallafi, dole mutum ya koma gona a farashin da aka yanka masa. Abin da ake ba iyali a wata a jihohin Kudu bai kama ƙafar na Arewa ba, na baƙar fata kuma ya fi na kowa ƙanƙanta. Gwamnan Georgia, Eugene Talmadge, ya yi ta yi wa shirin zagon ƙasa har sai da Hopkins ya ƙwace rabon daga hannun jihar ya mayar da shi ƙarƙashin tarayya.

Shi kansa Roosevelt ba ya son raba kuɗi haka kawai, a nan bai yi nisa da Hoover ba. A Janairun 1935 ya faɗa wa majalisa cewa tallafin zaman banza kamar ƙwaya ne mai kashe zuciya a hankali, dole gwamnati ta fita daga wannan harkar. Maganinsa shi ne a ba mutum aiki a biya shi. Aiki ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai ka sayi siminti da shebur ka biya masu duba aiki, da kuɗin da za ka ɗauki mutum ɗaya za ka iya ciyar da fiye da haka. Amma sun zaɓi mai tsadar da gangan, kuma ina ganin a nan sun fahimci ɗan Adam. Wanda ya dawo gida da yamma da ƙura a jikinsa da albashi a aljihu, matarsa da 'ya'yansa ba irin kallon da suke yi wa wanda ya dawo daga layin agaji suke yi masa ba.

Shirin da ya fi burge ni a tsari shi ne CCC, na samari. Ana ɗaukar saurayi mara aure ɗan shekara 18 zuwa 25 daga gidan da ke cikin rajistar tallafi, a kai shi sansani a daji ƙarƙashin kulawar sojoji, a ba shi kaki da takalmi da gado da abinci sau uku a rana, ya shuka itatuwa ya gina ƙananan madatsai ya yi hanyoyin daji ya kashe gobara. Albashi dala 30 a wata, amma dala 5 kawai ake ba shi a hannu, 25 ɗin gida ake aikawa kai tsaye. Duba wannan dabarar da kyau. An cire baki ɗaya daga tukunyar gida, an cire saurayi daga bakin titi da hawan jiragen ƙasa na kaya yana yawo gari-gari, uwa ta samu kuɗin cefane duk wata, mai kantin unguwa ya samu ciniki, kuma ba wani ɗan tsakiya da kuɗin za su kwana a aljihunsa. Daga 1933 zuwa 1942 samari wajen miliyan 3 suka bi ta ciki, suka shuka itatuwa wajen biliyan 3, dubbai a cikinsu a sansanin suka koyi karatu da rubutu, da yawa sun dawo gida sun yi ƙiba don a can suka fara cin abinci su ƙoshi. Amma ko a nan, wajen zaɓen waɗanda za su shiga jami'an gari ne ke yi, kuma a Kudu sun riƙa tsallake baƙaƙen fata sai da aka matsa musu daga sama, daga 1935 kuma aka raba sansanonin gaba ɗaya, na farare daban na baƙaƙe daban. 'Yan mata kuwa ba su a lissafi, sai 'yan sansanonin da matar shugaban, Eleanor, ta dage aka buɗe, waɗanda suka ɗauki 'yan dubbai kawai.

Babba cikin shirye-shiryen ba da aikin shi ne WPA da aka kafa a 1935, shi ma Hopkins ne a kai. Kafin a rufe shi a 1943 mutum wajen miliyan 8.5 sun yi aiki a ciki, sun yi hanyoyi sama da mil 600,000, gine-ginen gwamnati sama da 100,000, makarantu, asibitoci, gadoji, filayen jirgi, har abincin rana na 'yan makaranta. Har marubuta da masu zane da makaɗa aka ɗauka, aka tura wasu suka zauna da tsofaffin da aka haifa cikin bauta suka rubuta labarinsu daga bakinsu, sama da mutum 2,000, wanda yau ba abin da ya kai shi daraja ga masu nazarin tarihin bauta. Albashin an sa shi ya fi tallafi amma kar ya kai na kamfani, daga dala 19 a wata ga lebura a ƙauyukan Kudu zuwa 94 ga ƙwararre a biranen Arewa. Ka'ida kuma mutum ɗaya ne daga kowane gida, wato maigida, shi ya sa mata ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatan ba, su ma yawanci ɗakin ɗinki aka tura su. 'Yan adawa sun yi ta yi wa shirin dariya cewa ana biyan mutane su jingina da shebur. Kuma siyasa ta shiga, ba za a ce ba ta shiga ba, a zaɓen fidda gwani na Kentucky a 1938 jarida ta bankaɗo yadda aka riƙa matsa wa ma'aikatan WPA su goyi bayan ɗan takara, abin da ya jawo dokar Hatch ta 1939 da ta hana amfani da aikin tallafi wajen neman ƙuri'a.

Yanzu mu dawo kan audugar nan, don a nan ne aka ba kura ajiyar nama. A Kudu yawancin masu noman auduga ba su da gona. Noman kashi-mu-raba suke yi, mai gona ya ba ka fili da bukka da iri da alfadari, ya ba ka bashin gari da naman gishiri daga kantinsa, in kaka ta yi a raba amfani, shi ne kuma ke riƙe da littafin lissafi, don haka shekara ta ƙare kana cikin bashi, baɗi ma haka. Akwai farare da yawa a ciki, akwai baƙaƙe jikokin bayi. Da dokar noma ta AAA ta zo ta ce a rage noma gwamnati za ta biya, da mai gona aka ƙulla yarjejeniya, sunansa ne a caki, aka ce ya ba masu yi masa noma kasonsu. Kwamitin da zai saurari ƙorafi a ƙaramar hukuma kuma su waye a ciki? Manyan masu gonakin dai. Wasu suka cinye kason gaba ɗaya, wasu suka ce na cire daga bashin da nake binka. Mafi muni, tunda an rage filin da ake nomawa ba a buƙatar hannaye da yawa, sai mai gona ya kori iyalai daga bukkokinsu, ya ɗauki kuɗin gwamnati ya sayi tarakta, in lokacin shema ko tsinta ya yi ya ɗauko mutanen nan dai a matsayin 'yan ƙwadagon yini. Kuɗin da aka fitar don ceton manomi su suka raba dubban manoma da ƙasar da suke ci a kai.

A Yulin 1934 a wani ɗan gari Tyronza a jihar Arkansas, mutum 18, farare 11 baƙaƙe 7, suka haɗu suka kafa ƙungiyar manoma 'yan haya, abin da a Kudun wancan lokaci zaman farare da baƙaƙe a ɗaki ɗaya ma kasada ce. An yi musu duka, an kama su, an harbi gidajensu da dare. A cikin ma'aikatar noma kanta akwai lauyoyin da suka yi ƙoƙarin fassara yarjejeniyar ta yadda za a hana korar mutane, shugabansu Jerome Frank, a Fabrairun 1935 aka sallame su daga aiki. Ministan noma Henry Wallace ya san gaskiya, amma ya san kuma 'yan Kudu ne ke riƙe da kwamitocin majalisa. Daga baya da aka gyara doka aka ce kason mai noma ya isa hannunsa, sai abin ya ƙara zama dalilin kora, don in ba ka da ɗan kashi-mu-raba a gonarka ba wanda za ka raba cakin da shi. A Janairun 1939 cikin tsananin sanyi mutum sama da 1,000 da aka kora a kudu maso gabashin Missouri suka kwashe komatsansu, gadaje da murhu da kaji da yara, suka zauna a gefen manyan tituna don duniya ta gan su, wani fasto Owen Whitfield ne ya shirya abin. Hukumomin jihar suka ce barazana ce ga lafiyar jama'a, suka kwashe su zuwa inda ba a gani.

Kwatanta wannan da yadda aka kai lantarki ƙauye. A 1935 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wuta, kamfanoni sun ce jan waya zuwa ƙauye ba riba. Gwamnati sai ta ce manoma su haɗa ƙungiyar gama-kai da kansu, ta ba ƙungiyar rance mai sauƙi, su kafa turakunsu su ja wayarsu. Zuwa farkon shekarun 1950 wajen tara cikin goma sun samu wuta, kuma an biya bashin. Matar da take ɗebo ruwa da guga tana wanki da hannu tana guga da dutsen da ake ɗorawa a murhu, ita ta fi kowa sanin abin da wannan ya canza.

Dokar fansho da inshorar rashin aiki ta 14 ga Agustan 1935 ita ce abin da ya fi daɗewa cikin duk New Deal, kuma Frances Perkins ce ta tsaya a kanta, mace ta farko da ta zama minista a Amurka. Ba don Allah kawai aka yi ta ba, akwai tsoro a ciki, ga Sanata Huey Long na Louisiana yana tara miliyoyin mabiya da kiran a raba dukiyar attajirai, ga wani likita Francis Townsend yana cewa a ba duk wanda ya haura shekara 60 dala 200 a wata, tsofaffi sun bi shi ɗuu. Roosevelt ya dage cewa a riƙa cirewa daga albashin ma'aikaci, don mutum ya ji haƙƙinsa yake karɓa, kuma kar wani ɗan siyasa ya zo gobe ya soke. Ya yi daidai, har yau ba wanda ya iya soke ta. Amma an cire 'yan ƙwadagon gona da 'yan aikatau na gida daga ciki, wato kusan biyu cikin uku na baƙaƙen fata masu aiki a lokacin. Masana tarihi suna jayayya kan dalili, wasu sun ce baitulmali ce ta ga karɓar kuɗi daga mai wanke-wanke da mai tsintar auduga zai yi wuya, wasu sun ce 'yan majalisar Kudu ne. Ni dai ina ganin uzurin ya zo wa 'yan Kudun daidai, don a ɓangaren tallafin tsofaffi marasa galihu an ga hannunsu ƙarara, irin su Sanata Harry Byrd na Virginia suka sa aka cire sharaɗin da zai ba tarayya ikon cewa abin da jiha ke bayarwa ya yi kaɗan, aka bar wa kowace jiha ta yanke nawa za ta bayar da wanda za ta ba. Irin wannan tsallakewar aka sake yi a dokar 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ta 1935, da dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938 wadda ta sa santi 25 a awa. Roosevelt yana buƙatar ƙuri'un Kudu a majalisa, shi ya sa ko dokar hana kisan gilla da gungun farare ke yi wa baƙaƙe ya ƙi fitowa ya goya wa baya.

Gidaje ma haka. Hukumar HOLC ta ceci gida wajen miliyan 1 daga gwanjo ta hanyar sabunta musu bashi mai dogon zango. Amma ta zana taswirar birane sama da 200 da launi huɗu, kore shuɗi rawaya ja, unguwannin baƙaƙe kusan duk ja ne, wato haɗari. Hukumar FHA da aka kafa a 1934 don tsaya wa masu sayen gida a banki ita ce ta ɗauki wannan tunanin ta mayar da shi ka'idar aiki, ta ƙi tsayawa a irin waɗannan unguwanni. A Amurka gida shi ne babban gadon da mai matsakaicin ƙarfi ke bar wa 'ya'yansa, to an buɗe wa farare wannan ƙofar da garantin gwamnati an rufe wa baƙaƙe, sai 1968 doka ta haramta wariyar, lokacin an riga an yi nisa.

Duk da haka a zaɓen 1936 baƙaƙen da ke iya jefa ƙuri'a, wajen kashi 70 cikin ɗari suka zaɓi Roosevelt, suka bar jam'iyyar Republican da suka gada, ta Shugaba Lincoln wanda ya 'yanta bayi. Mutum zai yi mamaki, amma in ka duba ba abin mamaki ba ne. Wanda bai taɓa ganin komai daga gwamnati ba sai ɗan sanda, yau ga aikin WPA ko da an rage masa albashi, ga ministan harkokin cikin gida Harold Ickes ya sa sharaɗin ɗaukar baƙaƙe a kwangilolin gine-ginensa, ga Mary McLeod Bethune, wata malama baƙar fata, tana da ofis a hukumar matasa. Kaɗan ne, amma ya fi babu. Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48 a wannan zaɓen. Kuma wasiƙun da talakawa suka riƙa aika wa fadar shugaban ƙasa, dubbai a kowace rana, wannan na neman aiki wannan na neman tsohuwar riga wa 'yarta, suna nuna abin da ya canza a kan mutane: da in yunwa ta kama ka coci za ka ko gidan attajirin gari, yanzu Washington kake rubuta wa, kuma kana jin kana da hurumin yin hakan. Masu binciken da suka bi alƙaluman birane daga baya sun gano cewa inda aka fi kashe kuɗin tallafi mutuwar jarirai ta ragu, kashe kai ya ragu, sata ma ta ragu.

To shin tallafin ne ya kawo ƙarshen karayar tattalin arzikin? Gaskiya a'a, ba shi kaɗai ba, ba ma shi ne babba ba. Tattalin arzikin ya yi ta hawa da sauri daga 1933 zuwa 1937, amma masana da yawa sun fi danganta hakan da raba dala da zinariya da aka yi, aka mayar da farashin oza daga dala 20.67 zuwa 35, kuɗi suka yawaita, farashi ya daina faɗuwa. Kuɗin tallafin in ka auna su da girman ramin ba su da yawa, kuma Roosevelt a zuciyarsa mai son kasafi ya daidaita ne. A 1937 ya ga kamar an warke sai ya rage kashe kuɗi, ya zaftare ma'aikatan WPA, a daidai lokacin aka fara cire kuɗin fansho daga albashi alhali biyan wata-wata sai 1940 za a fara, babban banki shi ma ya ƙara matse bankuna. Nan take aka sake komawa ruwa, rashin aiki ya tashi daga wajen kashi 14 zuwa 19, ko daga 9 zuwa wajen 12 da rabi in ka ƙirga masu aikin tallafi a matsayin masu aiki, don har wannan ma ana gardama a kai. Dole a 1938 ya koma majalisa neman kuɗi. Abin da ya share rashin aikin gaba ɗaya yaƙin duniya na biyu ne, lokacin da gwamnati ta kashe kuɗin da New Deal bai taɓa mafarkinsu ba kuma ba ɗan majalisar da ya ce kasafi, zuwa 1944 marasa aiki ba su kai kashi 2 ba. Yaƙin ne ma ya kwashi da yawa daga waɗanda tarakta ta kora daga gonakin auduga zuwa masana'antun Detroit da Chicago da Los Angeles.

CCC an rufe shi a 1942, WPA a 1943. Waɗanda aka tsallake kuwa sai da suka jira. Gyare-gyaren 1950 da 1954 ne suka shigar da yawancin 'yan ƙwadagon gona da 'yan aikatau cikin fansho, mafi ƙarancin albashi ya iso wa wasu ma'aikatan gona a 1966, 'yan aikatau a 1974. Ita kuwa dokar ƙungiyar ƙwadago ta 1935, har yanzu ma'aikatan gona da na gida ba sa cikinta, sai dai jihar da ta ga dama ta yi tata, kamar yadda California ta yi wa ma'aikatan gona a 1975.